Takin Yaya a Gonar Dogo

Wata tara cur Yaya ta yi tana kiwon ramin takin da ke bayan ɗakinta. Kashin awakinta uku, tokar murhu, sharar tsakar gida, ƙaiƙayi, karan da ta sassara da adda, duk a ramin nan suka ƙare. Duk bayan kwana goma sha biyar sai ta ɗaure zani ta shiga da shebur, ta juya na ƙasa ya dawo sama, ta yayyafa ruwa, ta lulluɓe da tsofaffin buhuna. Idan matar ƙanenta Dogo ta zo wucewa, sai ta toshe hanci da gefen mayafi.

"Wai ke Yaya, hancinki ya mutu ne?"

"Warin nan shi za ki ci baɗi, har ki nemi ƙari," in ji Yaya, tana dariya.

Kowa a gidan Yaya yake ce mata, har Inna da ta haife ta. Shekarunta hamsin da 'yan kai, ba miji, ba ɗa. Abin da ta mallaka a duniya bai wuce ɗaki ɗaya, awakin nan uku, da fangali goma sha biyu na noman rani da ubansu ya bar mata a gefen gonar Dogo ba. Ƙasa ce mai yashi, kana zuba mata ruwa tana shanyewa. Tun da uban ya rasu Dogo ke cewa a rushe kunyar iyaka a haɗe gonar, shi zai riƙa ci da kowa. Yaya ta ce a'a, ta fi son ta ci guminta. Da maganar ta yi tsawo, Inna ta raba gardama. A bar ta ta noma alkama shekara ɗaya. In gonar ta yi, ba mai sake tayar da zancen. In ba ta yi ba, a haɗe.

Ana saura sati biyu shuka, malamin gona ya tara manoma a gindin bishiyar bakin hanya. Yaya na can baya a tsugune, amma ko kalma ɗaya ba ta wuce ta ba. Ya ce takin gida shi kaɗai a hankali yake aiki, alkama ba ta jira. Farin takin zamani kuma, wanda manoma ke kira gishiri, shi kaɗai ruwa ke wanke shi ya yi ƙasa, barin ma a ƙasa mai yashi. Sai an haɗa. Taki kafin shuka, ya riƙe damshi ya riƙe gishirin. Gishiri kuma kashi biyu, rabi a sati na uku bayan tsiro, rabi a sati na shida, kuma ranar da aka watsa ranar za a bi shi da ruwa.

A hanyar gida Dogo ya rage tafiya har ta cim masa.

"Yaya, kin ji abin da malam ya ce? Haɗi. Ni ina da gishiri buhu biyu, ba ni da taki. Ke kina da taki har ya yi miki yawa, ba ki da gishiri. Ki ba ni rabin ramin, in ba ki gishirin da zai ishe ki. Amalanken da zai kwashi nawa shi zai kai miki naki har cikin fangali."

Yaya ta ji daɗi har cikin ranta. Daman tunanin yadda za ta kwashi ramin nan a ka yake hana ta sukuni. Ta ce, "Allah ya yi maka albarka, Dogo. Ka ga irin wannan ake nema tsakanin 'yan'uwa."

Ranar kwasar taki Inna ta tashi da zazzaɓi. Matar Dogo ta ce ita kanta na ciwo, saboda haka Yaya ce ta zauna da tsohuwa tana jiƙa mata tsumma a goshi. Daga ɗakin tana jin ƙarar amalanke, ya shigo ya fita, ya shigo ya fita. Ta ƙirga sawu takwas. Da la'asar zazzaɓin ya sauka, ta leƙa bayan ɗaki ta ga rami wayam, an karkare shi har jar ƙasa ta fito. Ta saɓa mayafi ta nufi gona, tana ta lissafin inda za ta fara baza nata huɗun.

Tsibi takwas ta tarar, baƙi ƙirin, suna tururi. Duk takwas ɗin a gonar Dogo, har an fara bazawa. Fangalinta kuwa fari fat, ko tafin hannu ɗaya ba a zuba ba.

"Dogo, ina nawa?"

"Wallahi Yaya mai amalanken ne ya yi shirme. Na ce masa huɗu nan huɗu can, na je duba injin ban ruwa, kafin in dawo ya juye duka. Kin san su da son sauƙi, tawa ce ta fi kusa da hanya."

"To a kwashe huɗu a mayar min."

"Haba Yaya, abin da aka riga aka baza? Ai sai dai mu kwashe da ƙasa. Ki bari, zan nemo miki wani. Kuma ma in an bi ta gaskiya, gonar nan uba ɗaya ya bar ta. Abin da ya shiga nan kamar can ya shiga."

Ta tsaya tana kallonsa. Yaron da ta goya ne har bayanta ya yi kanta, yau ga shi yana mata magana yana kallon gefe. Ta juya ta koma gida.

Wani takin bai zo ba. Ta jira kwana biyar, sanyi ya kankama, maƙwabta duk sun shuka. Alkama kuwa ba ta yafe wa wanda ya makara. Ta karkaɗe abin da ya maƙale a bangon ramin, bai cika kwando biyu ba, ta ɗauka a ka ta barbaɗa kamar mai sa yaji, ta shuka. Ta ce wa ranta, to, taki ya wuce, amma ai gishiri na nan tafe, shi ma zai ɗan rufa asiri.

Alkama ta tsiro. Ranar da ta cika sati uku Yaya ta wanke kwanonta, ta tsaya a ƙofar ɗakin ajiyar Dogo tun da hantsi.

"Kash, Yaya, makullin na wajen uwar yara, ta tafi gidansu dubiya. Jibi in Allah ya yarda."

Jibi ta yi, matar ta dawo, Yaya ta sake ɗaukar kwano.

"Yanzu in na farke buhun nan don kwano uku, iska ta shige shi, ya narke. Ki bari ranar da zan zuba nawa, a farke gaba ɗaya."

Ranar da zai zuba nasa ba wanda ya gaya mata. Ta je gona da safe ta tarar da fararen ƙwayoyi warwatse a fangalinsa, inji na ta tuttulo ruwa a kai. Buhu ɗaya ya tafi ƙaf.

"Ya zo min bai isa ba ne, Yaya. Ashe gonar ta fi yadda nake zato. Ɗayan kuma na zubi na biyu ne, a ciki zan cire miki. Kwana nawa ne? Sati uku kamar yau ne."

Sati uku ga mai gona kore kamar yau ne. Ga Yaya kuwa kowace safiya da abin da take tararwa. Ganyen ƙasa ya fara rawaya daga tsini. Ta Dogo ta yi 'ya'ya, gindi ɗaya ya fitar da kara biyar, shida, har ba a ganin ƙasa. Tata kuwa kara ɗai-ɗai, sirara, kana tsaye kana ƙirga su. Kunyar iyaka ce kawai tsakaninsu, amma ko daga bakin hanya mutum ya hango ya san inda wata ta ƙare wata ta fara.

Ta shiga ɗakin Inna ta zauna a bakin gado.

"Inna, ki yi masa magana. Alkamata na mutuwa ina kallo."

Tsohuwa ta ci gaba da murza carbi. "Ki yi haƙuri, Yayarsu. Ke ce babba. Babba juji ne."

"Jujin ma ai an kwashe shi, Inna."

"Kul! Kada in ƙara jin wannan. Ɗan'uwa rabin jiki ne. Shi ke sayo min magani, shi ke riƙe da gidan nan. Kina so in ɓata masa rai a kan kwanon gishiri?"

Nan Yaya ta gane ba ta da mai tsaya mata. Ba ta ga laifin tsohuwar sosai ba, wanda ake ba shi a baki ba ya iya ɗaga murya. Amma abin ya ci mata rai, ta fito hawaye na zuba ba ta ko share ba.

Ta shiga neman dabara. Ta kwashi ɗanyen kashin awaki ta jiƙa a tulu ta yayyafa, bai yi komai ba. Ta zuba toka, nan ma shiru. Ta je wajen mai albasa, maƙwabcinta na gona, ta roƙi ko kwano ɗaya. Mutumin ya sosa ƙeya ya ce nasa ya ƙare, kuma ko da yana da shi, ba ya son shiga tsakanin harshe da haƙori. Ta yi tunanin sayar da akuya, matar Dogo ta riga ta da labari wajen Inna, Inna ta ce akuyar da ake tatsar mata madara ba za ta fita daga gidan ba.

Wata safiya ta ga buhun gishirin da Dogo ya juye, an shimfiɗa wa kaji a bayan ɗaki. Ta waiga hagu ta waiga dama kamar ɓarauniya, ta naɗe shi ta cusa a zani. A gona ta farke ɗinkin, ta karkaɗe lungunan a tafin hannu, ta samu abin da bai kai cokali biyu ba. Ta tsoma buhun a bokiti ta wanke shi tas, ta matse, ta sake wankewa, ta yayyafa ruwan a kusurwar fangali ɗaya.

Bayan kwana biyar kusurwar nan ta yi kore shar, wuri kamar faɗin tabarma. Yaya ta durƙusa a gabanta ta fashe da kuka. Da ma bai yi ba, da ta ce ƙasar ce ta mutu ta huta da zullumi. Amma ga shi ƙiri-ƙiri, ruwan wankin buhu ma ya tayar da ita, abin da gonar ke nema yana nan a kulle, ƙofa ɗaya tsakaninsa da ɗakin da take kwana.

Sati na shida ya zo. Wannan karon ba ta jira a gida ba, ta riga Dogo zuwa gona, ta zauna a kan kunya da kwanonta. Ya iso da buhu a bayan keke, ya gan ta, fuskarsa ta canja.

"Yaya, me ya kawo ki da sanyin nan? Sai ki sa mutane su ce hana ki nake."

"To ba ni, su daina cewa."

"Bari in gama nawa, abin da ya rage naki ne duka. Na rantse."

Ta zauna tana kallo yana watsawa. Da ya kai rabin buhu sai ya ɗaure bakin, ya ɗora a keke. Wai an aiko ana nemansa a gida da gaggawa, zai dawo. Bai dawo ba. Da ta same shi a gida ya ce malamin gona ya ce wataƙila a ƙara zubi na uku, bari ya ga yadda tasa za ta yi tukuna. Yaya ta san malamin bai faɗi haka ba, tana wurin.

"Dogo, don girman Allah. Ni na goye ka. Ban taɓa roƙonka komai ba."

"Ai shi ya sa nake cewa a haɗe gonar nan ki huta. Dubi hannunki, Yaya, duk ya faffashe. Shekarunki sun wuce wannan wahalar. Wallahi tausayinki nake ji."

Tausayi! Da bakinsa ya faɗa, kuma har idonsa ya ɗan yi ja.

Sai a sati na tara, lokacin da ta Dogo ta yi ciki tana shirin fitar da zangarniya, matarsa ta jawo rabin buhun ta yar a ƙofar Yaya.

"Ga shi in ji shi. Ya ce kada a ce bai cika alkawari ba."

An bar shi a ƙasa, damshi ya shige shi, ya dunƙule ya zama dutse. Yaya ta san lokaci ya wuce, ta san ihu ne bayan hari. Amma wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Ta fasa dunƙulen da taɓarya, ta daka a turmi, gishirin na shiga fason hannunta yana ci kamar wuta. Ta je ta sami Dogo.

"Gobe zan watsa. Za ka ba ni ruwa goben?"

"Me zai hana? Inji ai na gida ne."

Da safe, raɓa ba ta bushe ba, ta watsa. Ba ta raba kashi biyu ba, ina lokacin yake? Duk rabin buhun ta juye a fangali goma sha biyu, ga shi gari ne ba ƙwaya ba, ya manne a jiƙaƙƙen ganye. Ta zauna jiran inji. Rana ta take, babu Dogo. Ta koma gida, aka ce ya kai injin gyara. Washegari aka ce mai gyaran ya yi tafiya. Ta ɗauki bokiti ta fara jido daga magudanar ruwa, tafiya mai nisa, ƙasar na shanyewa tun kafin ta juya baya. Ta yi sawu arba'in ranar, fangali biyu kawai ta jiƙa, ƙafafunta suka kumbura.

Kwana huɗu inji bai zo ba. Da ya zo, ganyen ya riga ya ƙone, ya yi ja ya naɗe kamar an bi shi da wuta. Abin da ya tsira ya fitar da 'yan zangarniyoyi gajeru kamar ɗan yatsa, rabinsu ba ƙwaya.

Ana saura kwana goma girbi, malamin gona ya zo da manoma wajen talatin daga ƙauyukan kewaye. Ya ji labarin gonar Dogo, ya kawo su su gani da ido. Dogo ya sa babbar riga ya tsaya a bakin fangali. Yaya na cikin tata gonar tana cire ciyawa, ba wanda ya kula da ita.

Malamin ya tona ƙasar Dogo da hannu, ya ɗago ta baƙa mai laushi. "Kun gani? Wannan shi ne haɗi. Taki ya nuna sosai, wanda ya yi shi ya san aikinsa. Gishiri kuma a kan lokaci." Sannan ya taka kunyar iyaka ya nuna ɗaya ɓangaren. "Wannan kuma Allah ne ya kawo mana misali. Ba taki, an antaya gishiri a makare, ba ruwa. Wannan shi ne aikin wanda ake gaya masa ba ya ji. Ta wace ce?"

"Ta yayata ce," in ji Dogo, yana girgiza kai. "Babu yadda ban yi da ita ba. Har gishirin ni na ba ta. Amma kun san manya."

Aka yi 'yar dariya. Wani ya ce noma ba na kowa ba ne.

Yaya ta miƙe. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

"Malam, ina da tambaya. Tunda ya iya taki haka, ka tambaye shi mana ya koya wa jama'a. Kwana nawa-nawa ake juyawa? Me da me ya zuba a ciki? A ina ramin nasa yake?"

Malamin ya juya da fara'a. "Tambaya mai kyau. Bismillah, gaya musu."

Dogo ya ce ai, wato, ya danganta. Ya ce wani lokaci wata-wata, wani lokaci kuma ba sai an juya ba. Mai albasa ya sunkuyar da kai yana murmushi. Wani dattijo daga cikin baƙin ya dubi hannun Dogo, ya dubi na Yaya, ya ce a hankali amma kowa ya ji, "Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi." Dariya ta ɓarke, wannan karon ba da Yaya ake ba. Malamin ya yi gyaran murya, ya ce shi maganar gida ba huruminsa ba ce, ya ja mutanensa suka wuce gonar gaba.

Daɗin bai kai ta gida ba. Tun daga soro take jin muryar matar Dogo, tana kuka tana cewa an tozarta mijinta a bainar jama'a. Inna na zaune a tsakar gida a kan tabarma, Dogo na gefe ya haɗa kai da gwiwa.

"Zo nan," in ji Inna. "Ke yanzu abin da kika yi kin kyauta? Ƙanenki, a gaban baƙi?"

"Inna, ƙarya na yi?"

"Ban tambaye ki ƙarya ko gaskiya ba. Asirin gida a gida yake zama."

"Sau nawa na kawo shi gida, Inna? Har bakin gadonki na kawo shi."

Tsohuwa ta kau da kai. Dogo ya ɗago, murya a sanyaye. "Ni na yafe mata, Inna. Yayata ce, ko dukana ta yi ba zan rama ba. Amma magana ɗaya ce. Ke kika ce in gona ta yi a bar mata, in ba ta yi ba a haɗe. Mutum talatin sun ga gonar nan yau. A tambayi ko wanne."

"Ta yaya za ta yi, Dogo? Ka kwashe takin, ka kulle gishirin, ka ɓoye injin. Da me za ta yi?"

"Kin ji ko, Inna? Mai amalanke ya yi kuskure, laifina ne. Inji ya lalace, laifina ne. Na ba ta rabin buhu kyauta ta ƙone gona da hannunta, shi ma laifina ne. Ni na watsa?"

Wannan kam gaskiya ce, da hannunta ta watsa. Ta dubi Inna tana jiran ko kalma ɗaya. Inna ta dubi ƙasa ta ce, "Magana ta riga ta fita. A haɗe. Allah ya sa haka ya fi alheri."

Girbin ma a haɗe aka yi shi. Dogo ya ce ba zai bari a sussuke nata daban mutane su ga ƙanƙantarsa su yi mata dariya ba, gara a zuba cikin nasa a rufa mata asiri. Haka 'yan dammunanta suka shige cikin tarin, ba ta ma san ko mudu nawa suka bayar ba. Buhuna suka shiga ɗakin ajiya aka sa makulli. Ya ce duk ranar da take so ta yi wa uwar yara magana a auna mata.

Irin wannan zaluncin ba ya barin tabo, shi ya sa ya fi ciwo. Ba wanda ya zagi Yaya, ba wanda ya ɗaga mata hannu. Kullum da "Yaya" ake fara mata magana, da "in Allah ya yarda" ake rufewa. In ka je ka tambayi Dogo yau, zai rantse maka bai ƙwace komai ba, kuma kowace rantsuwa da guntun gaskiya a cikinta. Makulli ya yi tafiya, inji ya je gyara, uwa ce ta yanke hukunci. Da jibi da gata aka cinye gonar matar nan, tana tsaye tana riƙe da kwano. Waɗanda suka gani kuwa, daga mai albasa har malamin, kowa ya ce ba ruwansa da maganar gida.

Sau biyu ta je a auna mata. Na farko matar Dogo ta ce ta dawo an jima, tana aiki. Na biyu ta auna mata mudu ɗaya, ta shafe bakin da hannu, ta ce a riƙa tattali. Yaya ba ta koma na uku ba.

Kwana uku bayan girbi ta ɗauki ƙwarya ta nufi gona da hantsi. An riga an bi kunyar iyaka da fartanya an baje ta. Mata huɗu baƙi daga wani ƙauye suna ciki suna kala, suna tsintar zangarniyar da ta faɗi wa magirba. Yaya ta shiga ta inda fangalinta na farko yake a da, ta sunkuya ta fara tsinta. Ba ta daɗe ba ɗaya daga cikinsu, wata mai goyo, ta matso kusa da ita.

"Sannu, baiwar Allah. Kin tambayi mai gonar kuwa kafin ki shiga?"

Yaya ta ɗago ta dube ta. "Ban tambaya ba."

"Ayya, ba a haka. Gonar mutane ce. Ga shi can gindin bishiya, je ki gaishe shi ki nemi izini. Kada ki ji tsoro, mutumin kirki ne, ba ya hana mabuƙata."

Yaya ta waiga. Dogo na zaune a inuwa, ya ga abin da ake, ya kau da kai yana gyara hula. Ta dubi ƙwaryarta, zangarniya bakwai ne a ciki. Ta juye su a ƙasa inda ta tsince su, ta kife ƙwaryar a ka, ta kama hanyar gida.